LABARIN ƘASAR KURA DA TASHAR MADOBI

Sau da yawa in muka shiga aji muka tambayi yara inda kogin Nilu ya ƙare, sai ka ga hannuwa sun tashi kamar karan dawa. In muka ce su faɗi manyan biranen Ingila, nan da nan sai su jero su ba gargada. Amma ran da muka ce, "To, ruwan nan da a ke ban shinkafa da shi a bayan gidanku, daga ina ya fito?" sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Mu malamai mu ke da wannan laifi, don mun koya musu labarin ƙasashen nesa, mun bar na ƙofar gida. Saboda haka yau muka ga ya kamata mu ɗauko wani ɗan yanki na ƙasar Kano, watau Kura da Bunkure da ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta Madobi, mu duba yadda Allah ya shimfiɗa shi, da abubuwan da suka auku a cikinsa. Wanda ya fahimci labarin ƙaramin wuri sosai, ba zai sha wuyar fahimtar na babba ba.

YADDA ƘASAR TA KE

In mutum ya fita birnin Kano ya kama hanyar Zariya, bayan ya ƙetare kogin Chalawa a Tamburawa, ya yi ɗan tafiya kaɗan, sai ya iske Kura, kimanin mil 20 daga birni. Bunkure tana kudu maso gabas da ita, Madobi kuwa tana yamma, a bakin hanyar jirgi. Koguna biyu su ke raya wannan ƙasa. Na ɗaya shi ne Chalawa, wanda ya taso daga yamma. Na biyu shi ne kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudu, wajen Riruwai. Su biyu suka haɗu suka zama kogi guda, ya wuce ta Wudil, ya nufi Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru da Gashuwa, har ruwansa ya kai Tafkin Cadi. Ku lura da wannan, 'yan makaranta, ruwan da ya sauka a Kura ba ya zuwa teku, gabas ya ke nufa, cikin ƙasar da ta fi tamu ƙishi. Za mu komo kan wannan magana nan gaba.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tana ɗan gangarawa sannu sannu daga kudu zuwa arewa. Yawancinta jigawa ce mai sauƙin huɗa, a bakin rafuka kuwa akwai fadama mai laka. Ruwan sama ya kan fara wajen watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce inci 30 zuwa 35 ba. Watau wata huɗu ko biyar ƙasa tana jiƙe, sauran watannin kuwa tana bushe ƙamas. A cikin gonaki manoma sun bar ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowane da amfaninsa. Gawo ma ya fi su dabara, don da damina ya ke zubar da ganye, bai tare wa shuka rana ba, da rani kuwa ya yi kore, dabbobi su sami inuwa da abinci, su bar wa gona taki.

Tun fil azal babbar damuwar mutanen wannan ƙasa ita ce, me za a yi cikin watannin nan bakwai na rani? Tarihinsu duka amsar wannan tambaya ce.

ZAMANIN BABA DA RAƘUMI

Amsar da kakanninmu suka bayar ita ce sana'a. Da damina a noma gero da dawa da wake, a kuma noma auduga da baba. In kaka ta wuce, mata su kaɗa zare, masaƙa su kafa masaƙa, marina su buɗe karofi. Cikin labarin Hausa Bakwai ma, da a ke raba wa kowace ƙasa aikinta, Kano da Rano aka ce su ne sarakunan baba, Bunkure kuwa tana kan hanyar Rano.

Kura ta yi suna da wani irin saƙi mai ƙananan ƙwarya ƙwarai, wanda a ke ɗinkewa, a tsoma shi cikin baba sau da yawa har ya yi baƙi wuluk, sa'an nan a kai shi mabuga, a barbaɗa masa shuni, a yi ta bugu a kan gungume har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Daga nan a ke samun turkuɗi da rawanin nan da a ke kira Ɗan Kura, wanda sarakuna ke naɗawa ran salla. Buzaye ba su da abin da su ke so kamarsa. Ayarinsu ya kan zo daga Azbin da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da baƙin tufafi, har shunin ya kan rine musu fata. Wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, mai suna Barth, ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. To, ku sani ba cikin birni kaɗai a ke yin wannan aiki ba, garuruwan kudu irin su Kura suna da babban rabo a ciki.

Kada kuwa mu zaci zamanin nan duk daɗi ne. Bayi suna cikin masu wahalar noman audugar da babar. Cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kuma mayaƙan Ningi sun yi ta kawo hari kudancin Kano, shi ya sa garuruwa da yawa suka kewaye kansu da ganuwa. Tafiya Gwanja sayen goro kuwa wata da watanni ce, wani ya tafi ke nan.

ZUWAN JIRGI

Cikin farkon shekarar 1903 rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta shiga birnin Kano ran 3 ga Fabrairu. Aka naɗa Sarki Abbas, ya yi sarauta har 1919. Da Turawa suka zauna, sai suka ga ƙasa mai albarka, amma ba hanyar fid da kaya sai kan jaki da kan ɗan dako. Cikin 1907 aka kawo Gwamna Girouard, mutumin Kanada, wanda ya riga ya gwanance da aikin hanyar jirgi a Sudan. Aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, mil 356 zuwa Kano. Dubban talakawa aka ɗebo ta hannun hakimai da dagatai, da yawa ba da son ransu ba, su suka sare daji, suka ɗauki ƙasa a kwando, suka aza ƙarafa. A wurin wannan aiki ne mutane da yawa suka fara karɓar lada da sule da kwabo maimakon wuri. Dogo ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi don ciniki cikin 1912, aka kuma haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko, tafiyar mil 700. Abin da a ke yi wata da watanni a ƙasa ya koma kwana biyu ko uku.

Hanyar ba ta ratsa garin Kura ba, ta yamma ta bi, ta ƙetare Chalawa, ta wuce Madobi da Dangora, ta nufi Zariya. Watakila wani yaro ya tambaya, me ya sa aka kafa tasha a ƙananan wurare haka? Dalili shi ne hanyar guda ɗaya ce. In jirgi ya taso daga Kano, wani kuma ya taso daga Zariya, dole a sami wurin da ɗaya zai raɓe ɗan'uwansa ya wuce. Saboda haka bayan kowane 'yan milamilai a kan yi tasha mai reshe biyu, a sa ma'aikaci mai kula da waya da tuta da fitila. Inda jirgi ke tsayawa kuwa, nan mai talla ke zuwa, da mai jaki, da mai sikeli. Ma'aikatan reluwe da yawa mutanen Kudu ne, Yarbawa da Ibo, suka zo da iyalinsu da harshensu da irin abincinsu. Ta haka ƙauyen da bai taɓa ganin baƙo daga bakin teku ba ya wayi gari yana maƙwabtaka da shi.

AUDUGA AKA NEMA, GYAƊA TA ZO

Ga wani abin mamaki. Masu masaƙun Ingila su suka fi matsa wa gwamnatinsu ta yi wannan hanya, don suna tsammani audugar Kano za ta cika musu taragu. Amma manomi ya yi nasa lissafi. Ya ga masaƙan gida, irin na Kura, suna sayen auduga da tsada fiye da kuɗin da Bature ya yanka. Ya ga gyaɗa tana son jigawa, ba ta cin ƙarfin gona, harawarta abincin dabba ce, in kuwa shekara ta yi tsanani a ci ta, amma ba mai cin auduga. A lokacin nan kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe. Ga haraji dole a biya shi da kuɗi. Saboda haka gyaɗar da Nijeriya ta fitar, wadda ba ta kai tan 3,000 ba cikin 1912, ta haura tan 19,000 cikin 1913.

Fataken goro na da su suka zama dillalan gyaɗa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, ya rasu cikin 1955. Da kaka jakuna da raƙuma su kan yi jerin gwano zuwa tashoshi, a auna, a ɗura a buhu, a jibge. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta fi ƙarfin taragu, aka riƙa tara buhuna a Kano tsibi tsibi, su ne dalar gyaɗar nan da ku ke gani a hoto. Mutane suna alfahari da ita, amma gaskiyar magana ita ce kayan da jirgi ya kasa kwashewa ne.

Jirgin da ya fita da gyaɗa kuwa bai komo wofi ba. Ya komo da akoko da atamfa da shuɗin kanti, masu araha. Sannu a hankali masaƙa suka ragu, karofi da yawa suka cike da shara, ko da ya ke rinin Kura ya fi na sauran wurare jimiri, don Buzaye ba su yarda da wani madadinsa ba. Dogo bai kuma hana yunwa ba. Damina ta ƙi cikin 1913, aka yi yunwar nan ta 1914 da tsofaffi ke kira Kakalaba, mutane masu yawa suka hallaka, hanyar jirgi tana shimfiɗe a gabansu.

FARI DA DAM

Gyaɗa ta yi kamar shekara 60 tana mulki. Sa'an nan abubuwa uku suka taru suka ka da ita. Aka yi babban fari daga 1972 zuwa 1974. Cikin 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kuturta ta. Ga kuma kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. A gefe guda titin kwalta ya yi kyau, manyan motoci suka ƙwace wa jirgi kaya. Titin kuwa ta Kura da Kadawa ya bi, ba ta tasha ba. Watau abin da dogo ya yi wa hanyar fatake, shi titi ya yi wa dogo.

Tun kafin farin nan, da aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, Gwamna Audu Bako ya ƙudura cewa ruwan da ke wucewa banza da damina sai an tare shi. Aka fara da ɗan ƙaramin dam na Bagauda, aka gwada noman rani da shi a Kadawa, masana daga Holanda suka auna ƙasa suka zana taswira. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano. Tsawon bangonsa kimanin kilomita 6 ne, tsayinsa mita 48, tafkin da ya tara kuwa in ya cika ya kan rufe kusan murabba'in kilomita 180. Cikin 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya.

Dabarar aikin mai sauƙin ganewa ce. Tiga tana tudu, Kura da Bunkure suna gangare, saboda haka ruwa da ƙafarsa ya ke zuwa, ba a bukatar inji ya tura shi. Babbar hanyar ruwa ta fito daga dam, ta bi ta tafkin Ruwan Kanya, ta rabu reshe biyu, gabas da yamma. Daga rassan nan ƙananan hanyoyi suka fita, daga su kuma waɗansu ƙanana, har ruwa ya iso bakin kunya, kamar yadda jijiya ta ke rarrabuwa a jikin ganye. An yi nufin kashi na farko ya shayar da hekta 22,000, watau wajen eka 54,000, amma an daɗe ba a cika wannan adadi ba. Da can wanda ke son lambu sai ya kafa jigo a bakin rafi, ya yini yana ɗaga guga don ɗan fili kaɗan. Yanzu mutum ɗaya ya kan shayar da eka kafin azahar.

A nan ma tarihi ya maimaita kansa. Alkama masu shirin suka fi sa wa rai, don a rage sayo ta daga waje, har gwamnati ta hana shigo da ita cikin 1987, daga baya ta janye hanin. Alkama kuwa tana son sanyin hunturu, in an makara shuka ta wuce tsakiyar Disamba, zafi ya kan cim mata kafin ta yi ƙwaya. Manomi ya sake yin nasa lissafi, ya ba da ƙarfi ga shinkafa da tumatir da albasa da masara. Kura, garin marina, ta zama garin shinkafa, mata suna turarawa, injuna suna cashewa, 'yan kasuwa suna zuwa saye daga nesa. Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir, motoci suna lodin kwanduna zuwa Ikko. Matasan da a da su kan tafi cin rani suka sami abin yi a gida, har baƙi suna zuwa ƙwadago.

ABIN DA RUWA YA CI

Amma fa ba a cin ribar zamani kyauta. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da kushewar iyayensu, tafkin Tiga ya rufe su. Da aka baje gonaki aka sake rabawa, an sare itatuwa masu yawa, an kuma rage wa kowa wani abu don hanyoyin ruwa. Noman rani yana cin taki da iri da kuɗin lebura, wanda ba shi da jari sai ya ba da gonarsa haya ko jingina, wani ma ya sayar, ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Makiyaya sun rasa burtali da makiyayar rani. Ruwan kwance ya ƙara sauro da tsargiya, musamman ga yaran da ke wanka a hanyar ruwa. Inda aka cika ban ruwa ba magudana, ƙasa ta jiƙe ta yi kanwa. Ciyawar kachala da yashi suka toshe hanyoyi, wanda ke kusa da bakin ruwa ya sha ya yi ɓarna, na ƙarshen layi ya kwana yana jira. Sai da Bankin Duniya ya sa hannu cikin wani shirin gyara da aka amince da shi cikin 2014 kafin aka yashe waɗansu hanyoyin aka gyara su.

Tumatir kuma ba shi da haƙurin gyaɗa. In ya yi yawa, kwando ya faɗi warwas, a yanka a shanya a ƙasa. Cikin 2016 wata tsutsa ta cinye gonaki da yawa, cikin shekarar nan kuwa aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda ta sha tsayawa don rashin isasshen kaya. Mai ita tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa.

Yanzu mu komo kan maganar da muka ajiye. Kafin a gina Tiga, da kuma dam ɗin Chalawa da aka gama cikin 1992, ambaliyar damina ita ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, masunta su kama kifi, manoma su shuka shinkafa, makiyaya su sami ciyawa, rijiyoyi su cika. Da aka tare ruwa a sama, ambaliyar ta ragu ƙwarai, kachala ta cike rafuka. Saboda haka duk wanda ya bar ruwa yana malala kan hanya a Bunkure, ya sani akwai mai jiransa a Gashuwa.

ABIN DA YA RAGE GARE KU

Jirgin fasinja na Ikko zuwa Kano ya daina tafiya shekaru, aka sake ta da shi a ƙarshen 2012, amma tsohon dogo bai komo da ƙarfinsa na da ba. Cikin Yuli 2021 aka aza harsashin sabon dogo mai faɗi daga Kano zuwa Kaduna. Abin da ƙananan tashoshi irin Madobi suka koya mana shi ne, hanyar da aka yi da wahalar kakanni, in ba a kula da ita ba, ta kan mutu a bar mutanen bakinta da labari. Hanyar ruwa ma haka ta ke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun kuma ga sau biyu manya sun zauna a ofis sun zaɓa wa manomi abin da zai shuka, sau biyu kuma ya shuka abin da ya fi sani. Da yawa a cikinku za su zama ma'aikatan gona, ko injiniyoyi, ko masu mulki. In kun kai can, ku tambayi mai fartanya tukuna kafin ku zana masa taswira. Kada kuma ɗan ilmin da kuka samu ya sa ku rena sana'ar da ta biya muku kuɗin littafi.

Ga aikin da muka ba ku na hutu. Kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a unguwarsu, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su inda karofi ya ke a da, da abin da a ke shukawa kafin ruwan Tiga ya zo, da yadda a ke kai gyaɗa tasha. Ya rubuta abin da ya ji, da sunan wurin da shekarar in an tuna, ya kawo wa malaminsa. Waɗanda suka ga abubuwan nan da idonsu suna ƙarewa, littattafai kuwa ba su rubuta rabinsu ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu riƙe amanar ruwa da ƙasa, amin.